Istifanus Orbeliyan, Marubucin Tarihin Lardin Siyunik

Gabatarwa

A cikin lardunan tsohuwar ƙasar Armeniya, kaɗan ne suka yi dace da ɗan ƙasa wanda ya zauna ya tattara labarinsu tun daga farko har zuwa zamaninsa. Lardin Siyunik yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan. Wanda ya yi masa wannan aiki kuwa shi ne Istifanus Orbeliyan, wanda Armeniyawa ke kira Sitepanos. Ɗan sarauta ne, kuma babban bishop na lardin. Ya rayu daga tsakiyar ƙarni na 13 zuwa farkon ƙarni na 14 na Miladiyya, watau zamanin da Mongolawa ke riƙe da Farisa da ƙasashen da ke kewaye da ita.

Abin da ya sa masana ke girmama littafinsa har yau shi ne bai dogara ga labarin baka kaɗai ba. Ya binciki tsofaffin takardun da ke ajiye a gidajen ibada, ya kuma kwafe rubutun da aka sassaƙa a jikin bango. Amma fa shi ba ɗan kallo ba ne a cikin labarin da ya bayar. Yana da kujerar da yake tsaro, yana kuma da gidan da yake son ɗaukakawa. Saboda haka mai son fahimtar littafin sai ya fara sanin ƙasar, ya san gidan da marubucin ya fito, sa'an nan ya san irin rigingimun da suka sa shi ɗaukar alƙalami.

Ƙasar Siyunik

Wani littafin labarin ƙasa na ƙarni na 7, wanda ake dangantawa ga malamin lissafi Ananiya na Shirak, ya kasa Babbar Armeniya lardi 15. Siyunik ne na 9 a cikin jerin, an kuma raba shi gunduma 12. Daga arewa ya faro ne daga kewayen Tafkin Seban, ya miƙa kudu har bakin Kogin Araks. Daga gabas ya yi iyaka da lardin Artsak, daga yamma kuwa da Airarat da Baspurakan. Ana kuma kiransa Sisakan, domin ruwayar Armeniyawa ta ce sarakunansa zuriyar Sisak ne, ɗaya daga cikin jikokin Haik, wanda suke ɗauka kakansu duka.

Siyunik ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai. Tafkin Seban kansa yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,900 daga doron teku, tsaunin Kaputjug kuwa da ke kudu ya kai wajen mita 3,900. Manyan kogunan lardin, watau Arpa da Borotan da Bogji, sun haƙa kwazazzabai masu zurfi a cikin duwatsu kafin ruwansu ya isa Araks. Da hunturu dusar ƙanƙara takan toshe mashigan tsaunuka, har mutanen wannan kwari su daɗe ba su ga na wancan ba. A bisa tudu ana kiwon tumaki da shanu, a cikin kwari ana noman alkama da inabi da 'ya'yan itatuwa, a kudu kuma, wajen garin Kapan, akwai ma'adinin jan ƙarfe.

Wannan yanayi na ƙasa ya yi tasiri ƙwarai a kan tarihin lardin. Ƙasa ce mai wuyar ci da yaƙi, domin kusan kowane kwari yana da kagararsa a bisa dutse. Haka nan kuma ƙasa ce mai wuyar juyawa daga nesa, ko da mai juyawar Ba'armeniye ne. Don haka sarakunan Siyunik da shugabannin addininta suka saba da cin gashin kansu, suna kallon sauran Armeniya a matsayin 'yan'uwa, ba iyayengiji ba. A yau mafi yawan tsohon lardin yana cikin Jamhuriyar Armeniya, an raba shi tsakanin jihohin Siyunik da Bayots Dzor da Gegarkunik, wasu sassansa kuma suna cikin Azarbaijan.

Lardin Kafin Zuwan Orbeliyawa

Bisa ga ruwayar da aka fi sani, Armeniya ta karɓi addinin Kirista a shekarar 301. A 387 Rumawa da Farisawa suka raba ƙasar tsakaninsu, Siyunik ya faɗa a rabon Farisa. A 451, sa'ad da Armeniyawa suka yi wa Farisa tawaye saboda addini ƙarƙashin sarkin yaƙi Bardan Mamikoniyan, sarkin Siyunik na lokacin, Basak, ya ƙi binsu, ya koma wajen Farisawa. An kashe Bardan a yaƙin Abarair, sunan Basak kuwa ya zama abin zargi a littattafan Armeniyawa. A 571 kuma Farisawa suka ware lardin daga sauran Armeniya bisa roƙon sarkinsa, ya zauna haka har zuwan Larabawa a ƙarni na 7.

Bayan ƙarfin halifofin Abbasiyawa ya ragu a wannan yanki, Siyunik ya sake bunƙasa. Tsakanin 895 da 906 aka gina babban cocin Bulus da Bitrus a Tatef, a bisa gaɓar kwazazzabon Borotan. Tatef gidan ruhubanawa ne, watau malaman Kirista masu zaman zuhudu, kuma nan ne kujerar bishop na lardin. Ɗaruruwan ruhubanawa ke zaune a ciki, sarakuna kuma suka yi ta ba shi ƙauyuka da gonaki waƙafi. Bishop na Siyunik yana da muƙamin babban bishop, yana kuma ganin babu wanda ke gabansa sai Katolikos, watau shugaban Ikilisiyar Armeniya baki ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 10 wannan ji da kai ya jawo saɓani, har Katolikos Ananiya na Moks ya tuɓe wa kujerar muƙaminta. Ba a mayar mata da shi ba sai a farkon ƙarni na 11.

A 987 Simbat, sarkin Siyunik, ya ɗaura kambi, lardin ya zama masarauta mai zaman kanta, da babban birni a Kapan. Amma tun daga ƙarni na 11 Saljuƙawa suka soma danno kai. Kapan ya faɗi a 1103, sauran kagarai suka bi baya ɗaya bayan ɗaya. A 1170 aka ci Bagaberd, kagara ta ƙarshe, masarautar ta ƙare. A cikin wannan kagara aka ɓoye dukiyar gidajen ibadar lardin don gudun ganima, har da littattafan rubutun hannu waɗanda Istifanus ya ce sun fi 10,000. Duk suka warwatse. Wannan hasara ta auku ne wajen shekara 80 kafin a haifi Istifanus, amma ita ce ta sa aikinsa ya zama tilas, ita ce kuma ta sa ya yi wuya.

Gidan Orbeliyan

Orbeliyawa ba 'yan asalin Siyunik ba ne. Manyan sarakunan yaƙi ne na masarautar Jojiya, wadda ke arewa da Armeniya. A 1177 shugaban gidan, Ibane, ya jagoranci tawaye ga Sarki Giyorgi na III don ya ɗora wani ɗan sarki mai suna Demna a gadon sarauta. Tawayen bai yi nasara ba. Aka makantar da Ibane, aka kashe mafi yawan mazan gidan, aka ƙwace ƙasarsu. Ɗan'uwansa Liparit ne ya tsira tare da 'ya'yansa biyu, domin a lokacin ya tafi neman gudummawa wurin sarakunan Musulmi na Azarbaijan. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan, Elikum, ya zauna a hannunsu, ya sami muƙami a Nakciban, ya auri wata Ba'armeniya daga dangin bishop na Siyunik. Ta nan ne gidan ya haɗa jini da lardin.

A zamanin Sarauniya Tamar ta Jojiya, wadda ta yi mulki daga 1184 zuwa 1213, wasu 'yan'uwa biyu masu riƙe da rundunarta, Zakare da Ibane, suka ƙwato arewacin Armeniya daga hannun Saljuƙawa. Suka nemo ɗan Elikum, shi ma sunansa Liparit, suka ba shi ƙasa a gundumar Bayots Dzor. Garin Yegegis ya zama mazaunin sarautar gidan, gidan ruhubanawa na Norabank kuma, wanda ke cikin wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu, ya zama maƙabartarsu.

Ba a daɗe ba sai ga Mongolawa. A 1236 suka mamaye Armeniya da Jojiya. Orbeliyawa suka duba suka ga wannan ba rundunar da za a tara da takobi ba ce, suka yi caffa. Simbat ɗan Liparit, wanda Istifanus ya ce yana jin harsuna biyar, ya yi tattaki har sau biyu, a 1251 da 1256, zuwa fadar babban sarkin Mongolawa, Mongke, a Ƙaraƙorum. Ya komo da takarda mai hatimi wadda ta sa ƙasarsa kai tsaye ƙarƙashin babban sarki, ta kuma mai da gidajen ibadarta hurumi. Sakamakon haka, a lokacin da sauran sassan Armeniya ke nishi saboda nauyin gandu, Siyunik ya sami sauƙi, malamai da magina da masu zane suka yi ta ƙaura zuwa cikinsa. Simbat ya rasu a 1273, ƙanensa Tarsayic ya gaje shi. Wannan Tarsayic shi ne mahaifin Istifanus.

Tashinsa da Naɗinsa

An haifi Istifanus tsakanin 1250 da 1260. Ɗan'uwansa Elikum aka shirya wa sarauta da yaƙi, shi kuwa aka ba da shi ga karatun addini. Ya tashi a lokacin da ilmi ke bunƙasa a Bayots Dzor, inda makarantar Giladzor ta kafu a ƙarƙashin malam Nerses na Mush, daga baya kuma almajirinsa Esayi na Nic. An naɗa shi firist a wajen 1280.

A wancan zamani kujerar Katolikos ba a cikin tsohuwar Armeniya take ba. Yaƙe-yaƙe sun sa Armeniyawa da yawa sun yi ƙaura zuwa Kilikiya, a gaɓar Bahar Rum, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau, inda suka kafa masarauta, shugabancin addini kuma ya bi su can. Don haka a 1285 Tarsayic ya aika ɗansa wannan doguwar tafiya. Ranar bikin Ista na 1286 sabon Katolikos, Kostandin na II, ya naɗa shi babban bishop na Siyunik. Ya yi wata uku yana baƙon Sarki Lewon, sa'an nan ya komo gida a 1287.

Da ya komo bai sami kujerar a share ba. Tun bayan rushewar masarautar lardin, shugabancin addinin Siyunik ya rabu gida biyu, akwai bishop a Tatef, akwai kuma a Norabank. Waɗanda ke Tatef ba su yi murna da wannan ɗan sarki da aka ɗora a kansu ba, suka yi masa tsayayya. Istifanus ya san cewa naɗin Katolikos kaɗai ba zai wadatar ba, tun da iko yana hannun Mongolawa. Sai ya bi sawun baffansa Simbat, ya nufi fadar Argun, sarkin Mongolawan Farisa, wanda ya yi mulki daga 1284 zuwa 1291. Argun ba Kirista ba ne, amma yana neman ƙawance da Turai don yaƙar Mamlukawan Masar, saboda haka yana kyautata wa Kiristocin ƙasarsa. Ya karɓi Istifanus da girmamawa, ya tabbatar masa da ikonsa a rubuce, har ya sa shi cikin malaman da suka keɓe wani coci a fadarsa tare da shugaban Ikilisiyar Gabas. Da wannan takarda Istifanus ya haɗe kujerun nan biyu suka koma ɗaya.

Takardar sarki kuwa takan mutu tare da sarkin da ya ba da ita. Don haka da Gaikatu ya hau a 1291, Istifanus ya sake komawa fada, haka kuma da Gazan ya hau a 1295. Shekarar hawan Gazan ta zo wa Kiristoci da tsanani. Sarkin ya musulunta, babban kwamandansa Nauruz kuma ya ba da umarnin rushe gidajen ibadar waɗanda ba Musulmi ba. An rushe coci-coci a Nakciban, maƙwabciyar Siyunik. Na Siyunik sun tsira, amma sai da aka fanshe su da dukiya mai yawa. Bayan ƙurar ta lafa, Gazan ya sassauta, ya sabunta wa Istifanus takardunsa.

Duk da wannan kai da kawowa, bai bar aikin gini ba. A 1295 ya sake gina cocin Girigori a Tatef, wanda girgizar ƙasa ta rushe tun a ƙarni na 12. A Norabank kuwa ya riƙe wani gwani mai suna Momik, wanda ya haɗa juyar littattafai da zane da sassaƙar dutse da gini. Linjilar da Momik ya rubuta ya ƙawata masa a 1302 tana nan har yau a Matenadaran, watau gidan adana littattafan rubutun hannu da ke Yereban.

Rigimar Aƙida

Babbar gwagwarmayar da Istifanus ya yi a ƙarshen rayuwarsa da 'yan'uwansa Armeniyawa ya yi ta. Asalin maganar tsohuwa ce. Ikilisiyar Armeniya ba ta yarda da hukuncin taron Kalsidon na 451 ba, wanda ya ce akwai ɗabi'a biyu a tattare da Almasihu, hukuncin da Rumawa da Paparoma suka riƙe. Tun daga nan ta kama hanyarta dabam, da nata bukukuwa da nata tsarin ibada.

Amma masarautar Kilikiya tana cikin matsi. A 1292 Mamlukawa suka ci Hiromkila, mazaunin Katolikos, suka tafi da shi Masar a ɗaure. Kujerar ta koma Sis, babban birnin masarautar, kusa da fada. Sarakunan Kilikiya suna ganin ba su da mafita sai taimakon Turai, Paparoma kuwa ba zai sa baki ba sai Armeniyawa sun bi aƙidarsa. Sabon Katolikos, Girigori na VII, wanda ya hau a 1293, ya goyi bayan wannan ra'ayi. Ya nemi a amince da Kalsidon, a riƙa surka ruwan inabin ibada da ruwa kamar yadda Katolika ke yi, a kuma mai da bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba maimakon 6 ga Janairu.

Istifanus ya tsaya a gaban malaman gabas, watau na tsohuwar Armeniya, suka ƙi. Ya aika wa Katolikos amsa a rubuce, daga baya kuma ya wallafa littafi guda na raddi ga aƙidar ɗabi'a biyu. Ba taurin kai kaɗai ya sa su haka ba. Armeniyawan gabas ba su da sarki nasu, a ƙarƙashin baƙi suke zaune, abin da ya haɗa su al'umma ɗaya shi ne harshe da Ikilisiya. A ganinsu, sayar da al'adun Ikilisiya don rundunar da ba a tabbatar da zuwanta ba, sakin reshe ne a kama ganye.

A wajen 1300 ya rubuta wata waƙar makoki, inda ya sa babban cocin Ecmiyadzin, uwar coci-cocin Armeniya, yana kuka da bakinsa saboda 'ya'yansa sun watse sun bar shi kango. Manufar waƙar kira ne ga Armeniyawa, da shugabancin addininsu, su komo ƙasar kakanninsu.

Littafin Tarihin Siyunik

A cikin waɗannan shekaru na rigima ne ya rubuta babban littafinsa, Tarihin Lardin Sisakan, wanda ya kammala gab da shekarar 1300. Littafin ya ƙunshi babi fiye da 70. Ya fara da asalin sarakunan lardin da bayanin gundumominsa 12 da kagaransa, ya bi ta kan shigowar addinin Kirista, da zamanin Farisawa da Larabawa da Saljuƙawa, har ya iso zamanin Mongolawa, inda ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa.

Tun da littattafan Bagaberd sun salwanta, tilas ya nemi tarihin a wasu wurare. Ya karanta marubutan Armeniya da suka gabace shi, ya tsinto duk abin da ya shafi Siyunik. Ya tattara wasiƙun da Katolikos-katolikos da bishop-bishop suka yi musaya, da takardun waƙafi da na cinikin ƙauyuka, da umarnin sarakuna. Ya duba bayanan da masu juyar littattafai kan rubuta a shafin ƙarshe, inda sukan faɗi sunansu da shekara da abin da ke faruwa a ƙasa. Ya kuma karanta rubutun da ke jikin bangon coci-coci, domin al'adar Armeniyawa ce wanda ya gina ko ya ba da kyauta a sassaƙa sunansa da sharuɗɗan kyautar a dutse. Da yawa daga cikin waɗannan takardu bai taƙaita su ba, ya kwafe su ne cif-cif, har da sunayen shaidu da iyakokin gonaki. Asalin mafi yawansu ya ɓace, sai a littafinsa ake samunsu. Inda kuwa rubutun dutse ya wanzu, masana sun iya gwada shi da abin da ya kwafa.

A ƙarshen littafin ya kawo jerin ƙauyuka fiye da 600 masu biyan haraji ga kujerar Tatef, gunduma bayan gunduma, kowane ƙauye da abin da ke kansa. Wannan jeri ya zama taska ga masu nazarin labarin ƙasa da sunayen wurare, domin da shi ake gano matsugunan da suka zama kufai da waɗanda sunansu ya sake.

Sai dai wannan jeri kansa yana nuna ɗaya fuskar littafin. Mutumin da ya sha wuya kafin ya haɗe kujerar Siyunik, wanda kuma ke zuwa fadar kowane sabon sarki don kare dukiyarta, yana bukatar hujja a rubuce cewa ƙauye kaza na Tatef ne tun zamanin sarki wane. Haka nan mutumin da ke jayayya da Katolikos yana bukatar ya nuna cewa kujerarsa tsohuwa ce mai daraja. Ashe littafin tarihi ne, kuma kundin hujjoji ne na mai shari'a. Wannan bai sa takardun sun zama na ƙarya ba, amma shi ya zaɓi waɗanda za a kwafa da waɗanda za a bari.

Misalai uku za su nuna inda ya kamata mai karatu ya yi hattara. Na farko, labarin mutanen Tsuraberd. Wannan ƙauye an ba da shi ga Tatef, mazaunansa suka ƙi yarda, suka yi tawaye fiye da sau ɗaya a ƙarni na 10, har suka auka wa gidan ruhubanawan. A ƙarshe aka rushe ƙauyen. Istifanus ya nuna su a matsayin 'yan fashi marasa tsoron Allah. Amma wanda ya karanta a tsanake zai ga manoma ne da aka raba da ƙasarsu, kuma daga bakin magajin abokin gabarsu kaɗai ake jin labarinsu. Na biyu, dogon babin da ya keɓe wa gidan Orbeliyan, inda ya kai asalinsu har ƙasar Sin, ya kuma ba da labarin tawayen 1177 ta fuskar da ta wanke kakanninsa. Na uku, ruwayar girgizar ƙasa ta 735, wadda ta hallaka garin Moz bayan an kashe wani bishop na lardin. Ruwayar ta ce daga kururuwar mutanen da ƙasa ta haɗiye aka sami sunan Bayots Dzor, watau kwarin wayyo. Alhali kuwa sunan yana cikin littafin labarin ƙasa na ƙarni na 7, tun kafin girgizar.

Abin lura shi ne, sau da yawa shi da kansa ne ya ba mai karatu makamin da zai gwada maganarsa da shi. Da bai ba da labarin Tsuraberd filla-filla ba, da ba wanda zai san an yi tawayen, balle ya tambayi dalilinsa.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Istifanus ya rasu a wajen 1303, aka binne shi a Norabank. Bai ga ƙarshen rigimar aƙida ba. A 1307 aka yi taro a Sis, aka amince da sauye-sauyen da ya ƙi, amma malaman gabas, da Esayi na Giladzor a gabansu, suka ƙi aiki da su. Taimakon Turai da aka sa rai bai zo ba, Mamlukawa suka ci Sis a 1375, masarautar Kilikiya ta ƙare. A Siyunik kuwa karatu ya ci gaba, daga Giladzor ya koma Tatef, inda Girigori na Tatef, wanda ya rasu a 1409, ya yaye almajirai masu yawa. Malaman da suka fito daga wannan makaranta ne suka jagoranci taron 1441, wanda ya mayar da kujerar Katolikos Ecmiyadzin, inda take har yau. Kiran da Istifanus ya yi a waƙarsa ya sami amsa bayan wajen shekara 140.

Gidan Orbeliyan bai yi irin wannan ƙarko ba. Hare-haren Timur daga 1386, da yaƙe-yaƙen Turkumawa da suka biyo baya, sun karya ƙarfinsa, kafin ƙarshen ƙarni na 15 sarautarsa a Siyunik ta shuɗe. Littafin kuwa masu juyawa suka yi ta kwafarsa da hannu. An buga shi cikakke a Faris a 1859, sa'an nan a Mosko a 1861. Wani masani Bafaranshe mai suna Brosset ya fassara shi zuwa Faransanci, aka buga tsakanin 1864 da 1866, daga nan masanan Turai suka san shi sosai. A 1931 wata girgizar ƙasa ta yi wa Tatef mummunar ɓarna, abin da ya ƙara wa bayanin da Istifanus ya bari game da gine-ginen daraja.

Kammalawa

Istifanus Orbeliyan ya gaji lardin da aka ƙwace wa littattafansa, ya kuma san cewa abin da ya sami Bagaberd yana iya samun Tatef da Norabank. Abin da ya iya yi shi ne ya tara ragowar shaidun da ke warwatse a cikin akwatuna da jikin bango, ya zuba su a littafi guda wanda za a iya juyawa a kai wani gari. Ya yi haka ne don kujerarsa da gidansa, bai kuwa ɓoye ba. Kujerar ta rasa ƙauyukanta, gidan ya rasa sarautarsa, amma takardun da ya kwafa don kare su sun zama tushen kusan duk abin da aka sani game da Siyunik na wancan zamani. Ɗalibin tarihi zai amfana da shi ta hanya biyu: ya koyi yadda ake neman shaida a inda aka ce babu, ya kuma koyi tambayar dalilin da ya sa mai shaida ya kawo wannan ya bar wancan.